Ciwon shekara hamsin da ke farawa a mahaifa: fashin baƙi kan abincin mai juna biyu

Idan aka haifi jariri, bayan an tambayi lafiyar mai jego da ko namiji ne ko mace, tambaya ta gaba ita ce nauyinsa. Ungozoma ta ce kilo 3 da ɗoriya, sai hankalin kowa ya kwanta, a ce ciki ya samu abin da yake buƙata. Akwai gaskiya a cikin haka. Jaririn da ya gaza kilo 2.5 ya fi shiga haɗari a makonninsa na farko, kuma kusan kashi 15 cikin ɗari na jariran duniya, wato wajen miliyan 20 a shekara, da wannan ƙarancin nauyi suke zuwa. Sai dai sikeli labarin watannin ƙarshe ya fi bayarwa, domin a lokacin ne ɗan tayi ke tara tsoka da kitse. Abin da ya faru a makonnin farko, sa'ad da ake tsara zuciya da ƙwaƙwalwa da laka, ba ya hawa sikeli. Yaro na iya zuwa da cikakken nauyi alhali wani abu ya riga ya kuɓuce masa tun uwarsa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba.

Wanda ya fi kowa tallata wannan magana shi ne wani likita ɗan Ingila, David Barker, na jami'ar Southampton. A 1986 shi da abokin aikinsa Clive Osmond suka haɗa taswirori biyu na Ingila da Wales. Ɗaya ta yankunan da jarirai suka fi mutuwa a farkon shekarun 1920, ɗaya ta yankunan da manya suka fi mutuwa da ciwon zuciya shekara hamsin bayan nan. Taswirorin suka zo kusan iri ɗaya. Abin ya ba da mamaki, domin a lokacin ana ɗaukar ciwon zuciya a matsayin ciwon masu hali, masu cin maiƙo, ga shi kuma ya fi yawa a yankunan matalauta. Daga baya Barker ya samo tsofaffin littattafan ungozomomi na yankin Hertfordshire da ke Ingila, waɗanda wata shugabar ungozomomi, Ethel Burnside, ta sa aka fara cikewa tun 1911, ana rubuta nauyin kowane jariri ranar haihuwa da ranar da ya cika shekara. Aka bi sawun dubban mazajen da sunayensu ke ciki. Waɗanda suka fi ƙanƙanta a jarirai su suka fi mutuwa da ciwon zuciya. An buga wannan a 1989, masu suka kuma suka ce, da hujjarsu, wanda aka haifa cikin talauci yakan girma cikin talauci, to ta yaya za a raba laifin mahaifa da laifin rayuwar da ta biyo baya?

Amsar da ta fi ƙarfi daga wani bala'i ta fito. A watan Satumba na 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ma'aikatan jiragen ƙasa na Holan suka shiga yajin aiki don taimaka wa sojojin ƙawance. Jamusawan da ke mamaye da ƙasar suka rama ta hanyar hana kai abinci yammacinta, inda manyan birane irin su Amsterdam da Rotterdam suke. Ko da aka ɗan sassauta, sanyi ya daskarar da hanyoyin ruwa. Daga Disamba zuwa Afrilu rabon abincin da hukuma ke ba babban mutum ya koma tsakanin kalori 400 da 800 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ƙasa da rabin abin da jiki ke buƙata. Mutane suka koma cin saiwar furanni. Kimanin mutum 20,000 suka mutu. A farkon Mayu na 1945 aka 'yantar da yankin, cikin 'yan makonni abinci ya dawo.

Abin da ya sa masana ba su rabu da wannan yunwa ba har yau shi ne tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ta kuma afka wa mutanen da ke ci su ƙoshi kafinta da bayanta, mai kuɗi da talaka, asibitoci kuma ba su daina rubuta bayanai ba. Saboda haka ana iya cewa wannan yaron yunwa ta same shi a wata ukun farko na ciki, wancan a na tsakiya, wancan a na ƙarshe. An bi mutum 2,414 da aka haifa a wani asibitin Amsterdam tsakanin 1943 da 1947 har suka manyanta.

Waɗanda yunwar ta riska a ƙarshen ciki sun zo ƙanana, sun gaza takwarorinsu da fiye da giram 200, kuma da suka kai shekara hamsin jikinsu bai iya sarrafa suga yadda ya kamata ba. Wannan kowa ya yi tsammaninsa. Waɗanda ta riska a tsakiyar ciki an fi samun alamun raunin ƙoda da matsalar huhu a cikinsu. Waɗanda ta riska a farkon ciki su ne suka girgiza masu bincike. Uwayensu sun samu abinci kafin haihuwa, don haka sun zo da nauyi daidai, ba wanda zai dube su ya ce akwai wani abu. Amma su suka fi samun ƙiba, kitsen jininsu ya fi lalacewa, ciwon zuciya kuma ya kama su kusan ninki biyu na sauran, ya kuma zo musu da wuri. Tun 1976 wani nazari kan samari kimanin 300,000 da aka auna don shiga soja ya riga ya hango wannan ƙiba. Wani binciken kuma ya gano cewa nau'in taɓin hankali mai tsanani da likitoci ke kira sikizofiriniya ya ninka a tsakanin waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsananin yunwar, kuma an sake ganin haka a 'ya'yan yunwar da ta afka wa Sin daga 1959 zuwa 1961.

Me ke faruwa a ciki har abin ya kai haka? Ginin jikin ɗan tayi kamar ginin da ake zuba kankare ne: kowane sashe da ranar zuba shi, idan ranar ta zo siminti bai isa ba, haka za a zuba a wuce, ba a dawowa a fasa. Ƙoda ita ce misali mafi sauƙin fahimta. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai masu tace jini, a yawancin mutane wajen miliyan ɗaya. Ana gama ƙera su ne wajen mako na 36 na ciki, daga nan ba a ƙara ko ɗaya har mutuwa. Jaririn da abinci bai ishe shi ba, ko bakwaini, yakan fito da matatai kaɗan. A yarinta ba a ganin komai, domin waɗanda ke akwai suna ɗaukar aikin waɗanda babu. Shekaru na tafiya suna gajiya, gishiri na taruwa, jini na hawa. Likitan ƙoda Barry Brenner ne ya gabatar da wannan bayani a 1988. Kusan haka abin yake ga ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini, da kuma yawan tsokar jiki, wadda ita ce babbar mai shanye wannan suga.

Ɗan tayi kuma ba ya raba rashi daidai. Idan abin da ke zuwa ta mabiyiya ya ragu, yakan karkatar da jini zuwa ƙwaƙwalwa, ya rage wa hanta da ƙoda da tsoka. Shi ya sa ake ganin jariri mai kai daidai da siririn jiki. Dabarar tana ceton ransa a lokacin, gaɓoɓin da aka tauye kuma su biya bashin daga baya.

A 1992 Barker da wani masani, Nicholas Hales, suka ƙara wani bayani: jikin da aka gina cikin ƙaranci yakan saita kansa a kan tattali, ya riƙa adana duk abin da ya samu. Muddin rayuwa ta ci gaba cikin ƙaranci, wannan saiti ba ya cutarwa sosai. Matsala takan taso idan yalwa ta biyo baya. Ana yawan kafa hujja da birnin Leningrad na Rasha (St. Petersburg a yau), wanda Jamusawa suka yi wa ƙawanya daga 1941 zuwa 1944. Yunwar can ta fi ta Holan tsawo da muni, amma da aka auna waɗanda suke ciki a lokacin ba a ga irin wannan matsalar suga ba, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne su ba su faɗa cikin yalwa bayan haihuwa ba. Nazarin Leningrad ƙarami ne, bai kamata a ɗora masa kaya da yawa ba. Duk da haka maganar ta dace da abin da ake gani a ƙasashen da mutanen da aka haifa cikin rashi suka girma cikin abincin gwangwani, lemon kwalba da zaman mota. A birnin Pune na Indiya, likita Chittaranjan Yajnik ya nuna cewa jariran yankin sukan zo da ƙaramin nauyi da ƙaramar tsoka amma kitsensu bai ragu daidai da haka ba. Ta nan ake fahimtar yadda siririn mutum ke kamuwa da ciwon suga yana ɗan shekara arba'in.

Akwai wani mataki da ya fi wannan zurfi. Ƙwayoyin gadon da yaro ya karɓa daga uwa da uba ba sa canzawa saboda abinci, amma akwai ƙananan alamomi da ke manne musu, masu ƙayyade wacce za ta yi aiki da ƙarfi, wacce za ta lafa. Yawancin alamomin a kwanakin farko bayan shigar ciki ake ɗora su, kayan ɗora su kuma daga abinci suke zuwa: folik asid (wani nau'in bitamin B), bitamin B12, kolin da makamantansu. A 2008 aka gwada jinin 'ya'yan yunwar Holan, shekara sittin bayan abin, aka tarar alamomin da ke kan wata ƙwayar gado mai kula da girma sun bambanta da na 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da yunwar ba ta taɓa ba, kuma a waɗanda ta riska a farkon ciki kaɗai. A ƙauyukan Gambiya ma an ga alamomin yara suna bambanta gwargwadon ko da damina aka ɗauki cikinsu ko da rani. A ganina nan ne ake yawan yin azarɓaɓi. An tabbatar alamomin suna canzawa. Cewa canjin shi ne kai tsaye ke haddasa ciwon zuciya ko na suga, wannan har yanzu ana kan bincikensa, kuma duk mai tallar wani magani da sunan gyara ƙwayoyin gadon jariri ya wuce inda ilimi ya tsaya.

Inda hujja ta fi tsayawa da ƙafafunta shi ne kan wasu sinadarai uku da ake buƙata 'yan kaɗan. Na farko folik asid. Ƙwaƙwalwa da laka suna farawa ne a matsayin wani ɗan bututu da ke rufewa kwana 28 bayan shigar ciki, wato lokacin da mace ke cewa al'adarta ta ɗan yi jinkiri. Idan bai rufe ba, a haifi yaro da buɗaɗɗen gadon baya, wanda kan jawo shanyewar ƙafafu da kasa riƙe fitsari, ko a haife shi ba cikakkiyar ƙwaƙwalwa, wanda ba ya rayuwa. Wani babban gwaji da aka buga a 1991 ya nuna folik asid ya rage maimaituwar wannan matsala da kashi 72 cikin ɗari a matan da suka taɓa haifar irin wannan yaro, wani gwajin a Hungary a 1992 ya nuna yana kare cikin fari ma. Adadin da ake so shi ne maikurogiram 400 a rana, a fara tun kafin ciki. Matar da ta fara sha ranar da ta je awo a wata na huɗu za ta amfana ta fuskar jini, amma bututun ya riga ya rufe ko ya ƙi rufewa.

Na biyu aidin, sinadarin da ake sa wa gishirin girki. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi na girma ne da sinadarin da ƙullin da ke gaban wuya ke samarwa, kuma har wajen tsakiyar ciki na uwa yake dogaro da shi. Babu aidin, babu wannan sinadari. Maƙoƙo shi ne alamar da ake gani a wuyan uwa, amma asarar da ta fi girma ita ce wadda ba a gani a kan yaro: daga raguwar kaifin fahimta zuwa cikakkiyar naƙasar ƙwaƙwalwa da kurumta. A ƙarshen shekarun 1960 an yi wa mata allurar mai mai aidin a tsaunukan Papua New Guinea, naƙasar ta kusan ɓacewa a 'ya'yansu, 'yan kaɗan ɗin da aka samu kuma kusan duk uwayensu sun riga sun ɗauki ciki kafin allurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buƙatar mai ciki a maikurogiram 250 a rana, ta sauran manya 150. Gishiri mai aidin, wanda Suwizalan ta fara a 1922, shi ne hanya mafi arha, sai dai aidin na gudu idan an bar gishirin a buɗe cikin zafi da danshi.

Na uku sinadarin ƙarfe. Ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, ga mabiyiya, ga ɗan tayi da ke tara nasa ajiyar a wata ukun ƙarshe, wadda za ta riƙe shi wata huɗu zuwa shida bayan haihuwa, tunda nono ba shi da ƙarfe da yawa. Gaba ɗaya ciki na cin wajen miligiram 1,000. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu ciki a duniya suna da ƙarancin jini, wanda ke ƙara haɗarin haihuwar bakwaini da ƙaramin jariri, ya kuma sa zubar jini kaɗan wajen haihuwa ya zama barazana ga ran uwa. Shi ya sa ake ba da ƙwayar ƙarin jini mai miligiram 30 zuwa 60 kullum. Mata da yawa suna ajiye ta saboda tashin zuciya, taurin bayan gida ko baƙin kashi. Baƙin kashin ba illa ba ne, sauran kuma sukan yi sauƙi idan aka sha da dare ko bayan cin abinci. Shayi da kofi suna hana jiki tsotse ƙarfe idan aka haɗa su da abinci, 'ya'yan itace masu tsami kuma suna taimakawa. Ƙarfen nama, kifi da kaza ya fi na wake da ganye saurin shiga jini. Ko jinkirta yanke cibiya da minti ɗaya zuwa uku yana ƙara wa jariri ajiya.

Duk wannan na iya sa mutum ya ɗauka cewa maganin shi ne a ci da yawa. Ɗaya gefen ma yana da nasa ramin. Suga na ratsa mabiyiya, insulin na uwa ba ya ratsawa. Idan sugan uwa ya hau, ɗan tayi sai ya samar da nasa insulin da yawa, shi kuma ya mayar da sugan kitse. A haifi ƙato mai kilo 4 ko fiye, ana murna, alhali kafaɗarsa na iya maƙalewa wajen fitowa, suga kuma na iya faɗi masa a sa'o'in farko. A cikin al'ummar Pima ta jihar Arizona a Amurka an kwatanta 'ya'yan uwa ɗaya, waɗanda ta haifa kafin ta kamu da ciwon suga da waɗanda ta haifa bayan ta kamu. Na bayan sun fi ƙiba, sun fi kamuwa da ciwon. Gado ɗaya, gida ɗaya, mahaifar ce ta canza. Gwajin suga tsakanin mako na 24 da na 28 saboda wannan ake yin sa.

Maganar cewa mai ciki na ci ne na mutum biyu ta fi ƙarfin lissafi. A wata ukun farko kusan ba a buƙatar ƙarin kalori ko kaɗan, wanda ya kamata ya kwantar da hankalin masu fama da laulayi, muddin ruwa na zama kuma amai bai yi tsanani ba. A na tsakiya ƙarin wajen 340 ne a rana, a na ƙarshe wajen 450, bisa ƙiyasin masana na Amurka. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙaru da kilo 11.5 zuwa 16 a duk cikin, siririya sosai 12.5 zuwa 18, mai ƙiba sosai 5 zuwa 9. Abin da ya ƙaru sosai shi ne buƙatar iri-iri: ƙwai, madara, kifi, nama, wake, ganye, 'ya'yan itace, a kan hatsin da aka saba. Ko abu mai kyau idan ya yi yawa yakan juya. A shekarun 1970 an ba wasu mata a unguwar Harlem ta New York abin sha mai furotin da yawa, jariransu ba su ƙaru ba, an ma ga alamun illa, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan. Bitamin A mai yawa a farkon ciki, irin na ƙwayoyi masu ƙarfi ko yawan cin hanta, na iya naƙasa ɗan tayi. Giya kuwa ba a san wani adadinta da ba ya cutarwa ba.

Ya kamata a faɗi iyakar wannan ilimi, domin ana amfani da shi wajen ɗora wa uwaye laifi. Abin da bincike ya nuna ƙarin haɗari ne a tsakanin dubban mutane, ba hukunci kan mutum ɗaya ba. Yawancin 'ya'yan yunwar Holan ba su kamu da ciwon zuciya ba. Shan taba, ƙiba da rashin motsa jiki a girma sun fi nauyin haihuwa tasiri, kuma wanda aka haifa ƙarami shi ya fi kowa cin ribar guje musu. Sannan ba abin da uwa ta ci kaɗai ke isa ga ɗan tayi ba. Mace na iya ci ta ƙoshi amma hawan jinin ciki, zazzaɓin cizon sauro ko hayaƙin taba su tauye mabiyiya, abincin ya kasa wucewa. Wadda ba ta ci ba kuma, sau da yawa ba ita ke riƙe da kuɗin cefane ba, ba ita ake fara zuba wa ba.

Idan aka tattara lokutan da aka ambata, kwana 28 na bututun laka, kwanakin farko na ɗora alamomi, rabin farko na ciki ga aidin, za a ga mafi yawansu sun wuce kafin awon farko. Ga shi kuma kusan rabin cikin da ake ɗauka a duniya ba a shirya masa ba. Wannan ne ya sa Amurka da Kanada suka wajabta zuba folik asid a garin alkama a 1998 maimakon jiran kowace mace ta sayi ƙwaya, kuma a Kanada matsalar bututun laka ta ragu da kusan rabi. Shi ne kuma dalilin shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, don jiki ya mayar da ƙarfe da folik asid ɗin da ciki da shayarwa suka kwashe. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana kan girma kuwa, jikinta da na ɗan tayin suna rububin abinci ɗaya ne. In ɗan tayin mace ce, ƙwayayen da za ta haihu da su wata rana a wannan cikin ake ƙera su, tun wajen wata na biyar sun kai miliyoyi, don haka abincin mace ɗaya yana taɓa jikin 'yarta da asalin jikokinta a lokaci guda.